Dulari Mai Jirgin Fito da Ƙanenta Banwari

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Betwa tsakanin Sonkera da Imliya kafin a yi gada, ya shiga jirgin Dulari, kuma da wuya a ce bai sha faɗanta ba. Gajeriyar mace ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk kanta saboda riƙon gora. In ta daka tsawa daga wannan gaɓa, karnukan waccan gaɓar ne ke fara amsawa. Ta yi shekara talatin da wani abu tana fito, ba ta taɓa kifar da jirgi ba, ba ta kuma taɓa barin kowa ya zauna inda ransa ke so ba.

"Ke mai tulu, koma hagu! Kai kuma baba, tumbin nan naka ya yi buhu biyu, tsakiya za ka zauna."

Ubanta Mangru ɗan fito ne a Sonkera, haka ma kakanta. Ita ce 'yar fari, sai da aka shekara shida ana jiran namijin da zai gaji jirgi kafin Banwari ya zo. Ranar da aka haife shi, Mangru ya wuni yana ƙetarar da mutane kyauta, yana gaya wa kowa magajin gora ya iso. Ashe albasa ba za ta yi halin ruwa ba. Yaron yana da shekara biyar uban ya ɗora shi a jirgi don ya fara sabawa. Ya leƙa yana kallon wani ɗan kifi, sai ji aka yi tsundum. Dulari da aka bari a matakala tana wankin tukwane ita ta faɗa ruwa, ta jawo shi da tukkun kansa. Tun daga ranar Banwari ya yi wa kogi sallama. Wanka ma a tsakar gida yake yi da moɗa, kuma in ruwa ya rufe masa fuska sai ya sa ihu.

Mangru ya yi lallashi, ya yi duka, ya kai shi wurin pandit, malamin addininsu, aka tofa masa addu'a, duk a banza. Yana can yana fama da ɗan, bai lura da 'yar ba. Duk lokacin da ya hau tudu cin abincin rana, Dulari sai ta kwance jirgi ta ɗan zaga da shi. Kafin ta kai shekara goma sha uku ta san inda ruwa ke juyawa da inda dutse ke kwance fiye da wasu masu gemu.

Ranar da watan Sawan ya cika, a tsakiyar damina, ita ce ranar rakhi. Uwarsu takan zaunar da Banwari a kan 'yar kujerar katako, ta miƙa wa Dulari faranti mai fitila da jan gari da ƙwayoyin shinkafa da alewa. Dulari ta ɗiga masa ja a goshi, ta zagaya fuskarsa da fitilar, ta ɗaura masa zare mai ado, wato rakhi, a wuyan hannun dama, ta cusa masa alewa a baki. Shi kuma ya taɓa ƙafarta, ya faɗi abin da kowane ɗan'uwa ke faɗa wa 'yar'uwarsa a ranar, wato zai tsare ta muddin ransa.

"Ka tsare ni daga me?" in ji Dulari. "Daga ruwan moɗa?"

"Inna, kin ji ta ko!" in ji Banwari.

"Ke rufe mana baki," in ji uwar, tana danne dariya. "Yau ranar alheri ce."

Da Banwari ya tasa, sai ya bi 'yan badujalar da ke kiɗa a bukukuwan aure. Ya fara da ɗaukar musu fitilu, daga baya aka ba shi begila. A nan ne aka ga ashe yaron yana da abin da ya iya. Numfashin da yake kashewa a ihu ya samu wurin zuwa. Ya samu jar riga mai maɓallan zinariyar ƙarya, da hula mai tuntu, ya tsayar da gashin baki, har ya zama shugaban ƙungiyarsu ta mutum bakwai. Ya auri Rajjo, mace mai kaifin harshe, wadda tun ranar farko suka ƙulla ƙawance da Dulari, don bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa Banwari sai da sa ido.

Ita kuwa Dulari an aurar da ita ƙetare, a Imliya, ga Sukhlal, shi ma ɗan fito. Mutum ne shiru-shiru mai ciwon ƙirji, in ya tuƙa jirgi sawu biyu sai ya kwanta yana nishi. Wata rana ta karɓi gorar ta ce ya ɗan huta. Hutun da ya yi ke nan har ƙarshen ransa. Yakan zauna a bayan jirgi yana kwarfe ruwa da gwangwani, in wani ya yi masa ba'a cewa mace ce ke tuƙa shi, sai ya yi murmushi ya ce, "To ai kai ma ita ke tuƙa ka yanzu."

Babu ranar da Dulari ta fi shan aiki kamar ranar rakhi. Rabin matan Imliya 'yan Sonkera ne, rabin matan Sonkera kuma daga wannan gefen aka kai su, kowace kuwa sai ta je gidan ubanta ta ɗaura wa 'yan'uwanta zare. Ga kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Tun hantsi bai yi ba bakin fito zai cika da mata cikin sababbin zannuwan sari, hannu ya sha lalle, awarwaro na ƙara, kowace da ƙunshin alewa a ka da yaro a kwankwaso. A ranar Dulari ba ta karɓar kuɗin fito daga mace. Kowace dai sai ta kwance ƙunshinta ta ajiye mata laddu guda, wato dunƙulen alewa, a wata tasa, ita kuma sai ta ɗanɗana ta yanke hukunci a gaban jama'a.

"Wannan naki ne, Bhuri? Ɗan'uwanki yana da haƙora masu ƙwari dai ko?"

Matan su kwashe da dariya, jirgi ya karkata, ta daka musu tsawa su nutsu. In suka kai tsakiya sai wata ta ɗauko waƙar damina, sauran su amsa, har masu tsoron ruwa su manta da shi.

Nata rakhin a tsaitsaye take yin sa. Matakalar Sonkera hawa talatin da biyu ce, da damina ruwa kan ci rabinta. Banwari yakan zo ya tsaya a can sama, bai taɓa yarda ya sauko fiye da hawa biyar ba. Rajjo ce ke riƙo farantin. Da rana ta take, Dulari za ta ɗaure jirgi, ta hau da gudu, gefen sarinta a soke a ƙugu, hannunta jiƙe.

"Miƙo hannun, ba ni da lokaci."

"Didi," in ji shi, don haka suke kiran yaya, "ki goge hannunki tukun, kin san sanyi ba ya yi mini."

"Ji shi! Ƙato da gashin baki kamar ƙahon ɓauna. Rajjo, me kike ba shi ne?"

"Abin da ya samo nake ba shi, Didi, iska."

Za ta ɗaura zaren, ta cusa masa alewa, ya sunkuya ya taɓa ƙafarta, ya maimaita alkawarinsa da baki cike. Matan da ke jiran jirgi kuwa wannan wurin suke jira. Da ya ce zai tsare ta sai su sa shewa, wata ta ce ya sauko ya fara tsare ta daga nan ƙasa. Daga nan sai ya fito da kyautarsa. Banwari bai taɓa saya wa yayarsa abin da za ta yi amfani da shi ba. Wata shekara takalmi mai tsini ya kawo mata, ita da ke wuni ƙafa a laka. Wata shekara agogon bango mai tsuntsu, wata shekara fanka mai aiki da lantarki, alhali wuta ba ta zo Imliya ba tukuna. Kowanne sai ta zage shi tas a kansa, sannan ta nannaɗe a gefen sari ta kai gida ta jera a kan kanta, ba mai taɓawa.

Sau ɗaya suka yi faɗa na gaske, lokacin auren Kamli, 'yar Dulari tilo. Kawun amarya shi ke kawo kayan da za ta sa ranar ɗaurin aure, shi ke ɗaga ta ya kai ta rumfar biki, kuma ga shi shi ne mai kiɗa. Da rani ne, kogi ya janye, wani wurin ma iyakarsa ƙirji. Dulari ta ce ya shiga jirgi ya rufe ido, kafin ya ƙirga ɗari biyu sun ƙetare. Banwari ya ce shi ya riga ya yi dabara. Akwai gada can nesa ta wajen birni, zai kwashi mutanensa a mota su zagayo.

Suka tashi ana gobe biki. Motar ta mutu a daji. Suka samu wata, ita kuma ta kai su wani Imliyan dabam, don ashe garin ba ɗaya ba ne. Aka jira kawu har pandit ya ce lokaci mai albarka zai wuce. Sukhlal ne ya ɗaga 'yarsa yana tari, amarya ta sa sarin aro, kiɗa kuwa sai wata tsohuwar ganga da maƙwabta suka buga. Washegari da la'asar, an riga an tafi da amarya, ana kwance rumfa, sai ga mutum bakwai cikin jajayen riguna, sun yi buɗu-buɗu, sun shigo gari a kan amalanken shanu. Banwari ya ɗaga begila ya fara busa wa tabarmin da ake naɗewa. Dulari ta fito ta dube shi, ta karɓi ƙunshin kayan amarya daga hannunsa, ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Wata huɗu ba ta yi masa magana ba. Rajjo ta yi ta kai-kawo, ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Dulari ta ce ai haƙorin yana zuwa biki. Da rakhi ta zagayo, duk bakin fito aka zuba ido a ga ko za ta hau matakala. Ta hau. Ta ɗaura zaren ta ja shi har sai da yatsunsa suka kumbura, ta ɗauki laddu mafi girma ta tura masa gaba ɗaya, ta tsaya tana kallonsa yana ƙoƙarin haɗiyewa, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi sai ya ce da ƙaramar murya, "Didi, hannun nan da shi nake danna begila." Ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ta zauna a kan matakala tana dariya har da riƙe ciki, faɗa ya ƙare.

Sukhlal ya rasu Dulari tana da shekara arba'in da shida. Aka ƙona gawarsa bisa al'adarsu a bakin kogin da ya yi rayuwarsa a kai. Bayan kwana goma sha uku ta sa farin sari ta koma jirgi, don cikin mutum bai san takaba ba. Wasu suka yi gunaguni, ta yi kamar ba ta ji ba.

Shekara ta biyu da rasuwar ne magana ta taso. Shugaban ƙauyen Imliya a lokacin, Thakur Jagdev, yana da wani suruki da ya sayi jirgi mai inji. Sai aka tuna cewa takardar izinin fito da sunan Sukhlal take, kuma Sukhlal ya mutu bai bar ɗa namiji ba. Aka aiko wa Dulari cewa bayan damina ta janye jirginta daga bakin fito. Ta je gidan Thakur sau uku. Na farko aka ce yana barci, na biyu aka ce ya tafi birni, na uku ya fito ya ce mata cikin taushin murya ita uwa ce, ta isa hutu, kuma takarda ba ta san wanda ke riƙe gora ba. Dulari da ke iya ja da ruwan Sawan ta juya ta koma gida hannu rabbana. Da da gora ake faɗan da ta san yadda za ta yi. Takarda kuwa ko sunanta ba ta iya karantawa a kai.

Ba ta gaya wa kowa a Sonkera ba. Ranar rakhi ta yi fitonta, ta hau matakala a hankali, ta goge hannunta da gefen sari kafin ta ɗaura zaren. Ta gutsuro alewa kaɗan ta sa masa a baki. Ya ba ta kyautarsa, wani gilashin ido baƙi, ta karɓa ta ce ta gode.

Banwari ya dubi matarsa, Rajjo ta dube shi.

"Didi, ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata lau."

"Ƙarya ne. Kin ce kin gode. Tunda nake ban taɓa jin wannan a bakinki ba. Wa ya taɓa ki?"

Ta juya za ta sauka, ya riƙo gefen sarinta. Nan ta zauna ta gaya musu komai, tana magana tana share ido da bayan hannu, tana jin haushin kanta. Banwari ya murza gashin baki. Can ya tambaya ko gaskiya ne labarin da ya ji, cewa jibi mutanen birni za su zo gidan Thakur ganin 'yarsa don maganar aure. Dulari ta ce haka ne, duk Imliya an sani, har an shafe gidan da farar ƙasa.

"To jibi da hantsi ki kawo jirgi nan. Mu bakwai ne, da ganguna."

"In kai su ina?"

"Ki kai mu, na ce. Shekara arba'in ina cin alewarki a banza."

Ba ta yarda zai zo ba sai da ta gan shi. Ya sauko matakala da baya da baya, mutum biyu na riƙe da shi, ya ɗaure idonsa da gyalen Rajjo. Da ƙafarsa ta taɓa jirgi sai ya zube a ƙasa rub da ciki, ya rungume begilarsa, ya fara kiran sunayen alloli ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda pandit ma bai sani ba. Ruwa a ranar ya kai maƙura. Duk lokacin da igiyar ruwa ta bugi jirgi sai ya ce, "Mun nutse ko?" Mai babbar ganga ya ce, "Tun ɗazu, maigida. Nan lahira ce." Dulari ba ta taɓa tuƙi a hankali kamar na ranar ba, ta bi ta inda ruwa ya fi kwanciya ko da ya fi nisa. Da suka isa Imliya ya yi rarrafe ya fita, ya yi amai a gindin bishiya, ya wanke baki, ya gyara hularsa, ya ce wa mutanensa su jeru.

Suka tsaya a kan hanya daura da ƙofar Thakur, daidai lokacin da motar baƙi ta kunno kai. Banwari ya ɗaga hannu, zaren rakhi na reto a wuyan hannunsa, suka saki kiɗan da ake raka gawa da shi.

Baƙin suka fito daga mota suka tsaya cirko-cirko. Uwar saurayin ta dafe ƙirji ta tambaya wa ya mutu. Thakur ya fito da gudu, rawaninsa na warwarewa.

"Kai! Wane ne ya kira ku? Ku yi mini shiru!"

Banwari ya sauke begila ya haɗa hannuwa cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, ba wanda ya kira mu. Jirgin yayata aka ce zai mutu bayan damina, shi ne muka zo mu fara koyon kiɗan rakiyarsa. Hanya kuwa ta kowa ce."

"Zan sa a karya muku ƙafafu!"

"Da baki muke busa, ranka ya daɗe. Kuma kwana uku muka ɗauko, don ni in na tuna da ruwan can ba na gaggawar komawa."

Ya sake ɗaga hannu, kiɗa ya tashi. Kafin wani lokaci matan Imliya sun firfito, waɗanda Dulari ta yi shekaru tana kaiwa gidajen iyayensu. Ba wanda ya shirya da su, amma da suka gane abin da ake ciki sai tsohuwa Bhuri ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka ta fara kukan makoki, tana yabon jirgin kamar mutum, tana cewa wayyo mai faɗin ciki, wayyo wanda bai taɓa jiƙa mata zane ba. Sauran suka kama mata, rabi kuka rabi dariya.

Uban saurayin, wani dattijo mai tabarau, ya kira Dulari gefe ya tambaye ta labari. Ta gaya masa a taƙaice. Ya koma wurin Thakur ya ce shi dai ya zo neman haɗa zuri'a da gidan mutunci ne, kuma yana fata abin da ya ji kuskure ne na magatakarda. Thakur ya ce lallai kuskure ne, shi ma yanzu yake jin maganar. Kafin a kawo wa baƙi shayi an ɗauko takarda, an rubuta sunan Dulari, ta dangwala babban yatsa. Aka bar wa surukin ɗaukar buhuna da babura, mutane kuwa na Dulari ne.

Nan take Banwari ya juya kiɗa zuwa na biki, ya raka baƙin har cikin gida. Auren ma ya yiwu, kuma shi aka ɗauka ya yi kiɗansa, don uwar ango ta ce ba ta taɓa jin mai busa irinsa ba. Sai dai komawa gida ta gagara. Ya zauna a ɗakin Dulari kwana goma sha ɗaya yana jiran ruwa ya ragu, yana cin abincinta yana kushewa, har Rajjo ta aiko cewa in bai dawo ba za ta sayar da jar rigarsa ta biyu.

Dulari ta ƙara shekara goma sha huɗu tana fito kafin a gama gada. Ranar da aka buɗe ta, mutane suka zaci za ta yi baƙin ciki. Ta je ta taka ta daga wannan kai zuwa wancan, ta leƙa ƙasa, ta ce aikin ba laifi, gwiwoyinta ma sun gode. Ta ba wani ɗan'uwan mijinta jirgin yana kamun kifi da shi, ita kuma ta koma shuka kankana da gurji a kan yashin kogi da rani. Bakin dai bai canza ba. Wanda ya tsaya taya kankanarta sai ya ji tarihin kakansa.

Yanzu ta haura saba'in, Banwari kuma kansa ya yi fari fat, ya bar wa ɗansa ƙungiya. Bara likita ya ce yana da ciwon suga, ya hana shi duk wani abu mai zaƙi, Rajjo kuma ta tsare ƙofar kicin kamar soja. Saboda haka tun watan Sawan bai kama ba yake lissafin ranar rakhi, don a ganinsa ranar ba likitan da ya isa ya shiga tsakanin mutum da addininsa.

Da ranar ta zo, Dulari ta iso gidansa da hantsi, ta zaunar da shi, ta ɗiga masa ja, ta zagaya fitila, ta ɗaura zare. Banwari ya lumshe ido ya buɗe baki. Sai ya ji wani abu mai sanyi a kan harshensa.

"Mene ne wannan?"

"Gurji. Na bayan ɗakina ne, da safen nan na tsinko."

"Gurji! Didi, a wane littafi aka ce gurji? Wannan rakhin bai ɗauru ba. A sake."

"Ya ɗauru har ya yi kyau. Tauna."

"Rajjo, kina ji ana ɓata ibada a gidanki kin yi shiru?"

"Ni na ce ta kawo shi," in ji Rajjo daga bakin murhu.

Banwari ya rantse ba zai taɓa ƙafar kowa ba, ba zai yi alkawari ba, kyautar ma ya fasa, sai an kira pandit ya raba gardama. Aka yi sa'a pandit na wucewa ta layin, aka shigo da shi. Saurayi ne sabon zuwa, ya dubi tsoho mai kumbura fuska, ya dubi tsofaffin mata biyu da suka harɗe hannu suna jiransa, ya ga ba ta inda zai fita lafiya. Ya yi gyaran murya ya ce a gaskiya magabata sun ce a zaƙaƙa bakin ɗan'uwa, amma ba su faɗi yawan abin ba. Gwargwadon ƙwayar wake ma ya wadatar.

Dulari ta kwance gefen sarinta, sai ga laddu guda, babba, yana ƙyalli da man shanu. Ashe ta zo da shi. Ta sa farce ta ɓanto ɗan mitsitsi, ta ɗaga shi a haske ta duba, ta rage, sannan ta ɗora masa a harshe.

"Sauran fa?" in ji Banwari.

"Sauran na mai lafiya ne."

Ta zauna kusa da shi a kan gadon igiya, ta raba laddun biyu, ta miƙa wa Rajjo rabi. Suka ci a gabansa sannu a hankali, suna yaba wanda ya yi shi. Banwari ya yi ƙwafa, ya jawo farantin gurjin gabansa, ya ce a miƙo masa gishiri da barkono.